Yaƙi Ɗan Zamba Ne: Yadda Jita-jita Ta Ci Birane a Tsohuwar Ƙasar Sin

  

Yau tafiyarmu mai nisa ce. Ƙasar Sin za mu, kuma za mu koma baya fiye da shekara 2,200, zamanin da ƙasar take a rarrabe, kowane sarki da ganuwarsa da rundunarsa. Batunmu shi ne yaudara a yaƙi. Bahaushe ya ce yaƙi ɗan zamba ne. Mutanen Sin na wancan zamani sun ɗauki wannan da gaske, har suka mai da shi ilimi, ana rubutawa ana koyarwa.

Abu biyu kafin mu kama hanya. Na farko, duk shekarun yaƙe-yaƙen da za ku ji kafin haihuwar Annabi Isa ne, Alaihis Salam. Ƙirgarsu da baya-baya take tafiya. Shekara ta 341 ta riga ta 260. Ita kuma 260 ta riga 221. Lamba tana raguwa, zamani yana matsowa. Na biyu, mafi yawan labarin nan ya zo mana ne daga marubucin tarihi Sima Qian, wanda ya bar littafi mai babi 130. Ya rubuta shi fiye da shekara 100 bayan an gama waɗannan yaƙe-yaƙe. Adadin mayaƙan da yake bayarwa manya ne ƙwarai, kuma masana tarihi da yawa a yau suna ganin akwai ƙari a ciki. Ku riƙe wannan.

Za mu fara a bakin kogi, mu bi ta wani kwazazzabo, sannan mu shiga fada. A fada za mu daɗe.

[Kiɗa]

Zango na farko, bakin kogin Hong, shekara ta 638. Sarki Xiang na ƙaramar ƙasar Song ya jera dakarunsa yana jiran rundunar Chu, babbar ƙasa daga kudu. Mutanen Chu sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma dole sai sun haye kogi. Suna tsakiyar ruwa, sarkin yaƙin Song ya roƙi a auka musu. Sarki ya ƙi. Suka haye, ba su gama jera sahu ba, ya sake roƙo. Sarki ya sake ƙi. Sai da abokan gaba suka kintsa tsaf sannan aka buga gangar yaƙi. Aka yi wa Song kaca-kaca. Sarki ya ji rauni a cinya, shekara na zagayowa ya rasu. Hujjarsa ita ce mutumin kirki ba ya auka wa wanda bai shirya ba, ba ya sake saran wanda ya riga ya ji rauni, ba ya kama mai furfura.

Wannan shi ne tsohon yayi, yaƙin 'ya'yan sarauta a kan keken doki, da ƙa'idojinsa. Bai daɗe ba ya gushe.

Daga wajen shekara ta 475 zuwa ta 221 aka shiga abin da ake kira Zamanin Ƙasashe Masu Yaƙi. Manya suka haɗiye ƙanana, har aka koma ƙasashe bakwai: Qin, Chu, Qi, Yan, Han, Zhao da Wei. Kada sunayen su dame ku. Ku riƙe uku kawai: Qin a yamma, Zhao a arewa, Qi a gabas bakin teku. A wannan zamani manoma ake kwasowa dubu-dubu a ba su makami. An kuma samu sabon makami, baka mai kunama irin ta bindiga. A ɗana shi a riƙe, sai an ga dama a saki. Manomin da bai taɓa yaƙi ba yana iya kayar da barde da shi. Wanda aka ci a irin wannan yaƙi, ƙasarsa gaba ɗaya ake shafewa. A wannan yanayi ne littafin dabarun yaƙi na Sun Tzu ya samu karɓuwa. Babi 13 ne, kuma na ƙarshensa kacokam a kan 'yan leƙen asiri yake.

[Kiɗa]

Zango na biyu, kwazazzabon Maling, shekara ta 341.

Mutum biyu ne a wannan labari, Sun Bin da Pang Juan. Tare suka yi karatun dabarun yaƙi. Pang Juan ya riga samun sarauta, ya zama sarkin yaƙin ƙasar Wei. Amma ya san abokin karatunsa ya fi shi basira, abin kuma yana cin ransa. Ya gayyato Sun Bin zuwa Wei, ya ƙulla masa sharri. Aka yanke masa hukunci, aka nakasa masa ƙafafu biyu, aka yi masa tambarin masu laifi a fuska don kada ya ƙara shiga mutane. Wani jakadan ƙasar Qi ne ya ɓoye shi a cikin kekensa ya fitar da shi. A Qi ya zama mai ba sarkin yaƙi Tian Ji shawara. Ba ya iya hawa doki. A cikin rufaffen keke yake zaune yana tsara yaƙi.

Da Wei ta kai wa ƙasar Han hari, Han ta nemi agajin Qi. Rundunar Qi ta miƙe kai tsaye zuwa Daliang, babban birnin Wei, inda birnin Kaifeng yake a yau. Dole Pang Juan ya saki Han ya juyo gida, ya bi sawunsu.

To, ga abin da Sun Bin ya sani. Mayaƙan Wei sun daɗe suna raina mutanen Qi, suna kiran su matsorata. A kan wannan raini ya gina dabararsa. Daren farko ya sa aka haƙa murhu 100,000 a sansani. Dare na biyu, 50,000. Dare na uku, 30,000.

Uwargida, ke da kike jin mu daga madafa, kin san wannan lissafi. In kika shiga gidan biki washegari, kika ga murhu goma da tokarsu, ba sai an gaya miki yawan baƙin da aka ciyar ba. Haka masu bin sawun runduna suke yi. Su ƙirga murhu, su san yawan bakunan da suka ci.

Pang Juan ya ƙirga. Ya ga murhu yana raguwa kullum, sai murna ta kama shi. A ganinsa, kwana uku kacal fiye da rabin mayaƙan Qi sun gudu. Ai dama ya faɗa, matsorata ne. Ya bar dakarunsa na ƙasa a baya, ya ɗebi zaɓaɓɓu marasa nauyin kaya, ya haɗa tafiyar kwana biyu a kwana ɗaya.

Sun Bin ya lissafa cewa da faɗuwar rana zai iso Maling, inda hanya ta tsuke, gefe da gefe duk wurin ɓuya ne. Ya sa aka saɓule ɓawon wata babbar bishiya, farin jikinta ya fito, aka rubuta a kai cewa a gindin wannan bishiya Pang Juan zai mutu. Ya jera maharba 10,000 masu baka mai kunama a gefen hanya. Umarni ɗaya ya ba su: in kun ga wuta, ku saki. Cikin duhu Pang Juan ya iso. Ya hango rubutu a jikin farin itace, ya sa aka kunna wuta don ya karanta. Bai kai ƙarshen rubutun ba kibau suka sauko kamar ruwan sama. Runduna ta tarwatse. Da ya ga babu mafita, ya kashe kansa. Aka kama Yarima Shen mai jiran gadon Wei. Daga ranar Wei ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba.

Wani abin sha'awa a nan: littafin da Sun Bin ya bari ya ɓace tsawon ƙarnoni, har wasu suka fara shakkar ko an taɓa yin sa. Sai a 1972, a wani tsohon kabari a Yinqueshan cikin lardin Shandong, aka tono shi rubuce a kan tsage-tsagen gora, tare da na Sun Tzu.

Masu sauraro, ku lura da abu ɗaya. Sun Bin bai ƙago wa Pang Juan sabuwar ƙarya ba. Abin da ya riga ya yarda da shi ya miƙa masa. Ba a yaudarar mutum sai da abin da zuciyarsa take so ta ji. Ku riƙe wannan, don da shi za mu shiga fada.

[Kiɗa]

Zango na uku. Yanzu mun bar fagen fama, mun shiga fada. Sarakunan yaƙi uku za ku ji. Duk ukun abokan gaba sun kasa su da makami. Duk ukun da baki aka kayar da su.

Na farko, Yue Yi na ƙasar Yan. A shekara ta 284 ya auka wa Qi, ya ci babban birninta Linzi, ya ci gaba har ya kama garuruwa fiye da 70. Biyu kacal suka rage, Ju da Jimo. A Jimo mutane suka naɗa Tian Dan ya jagorance su. Shi kuwa ƙaramin ma'aikacin kasuwa ne a da. A shekara ta 279 sarkin Yan ya rasu, ɗansa ya hau. Tian Dan ya samu labarin cewa sabon sarkin tun yana yarima ba ya ga-maciji da Yue Yi. Sai ya aika mutane su baza magana a Yan: wai Yue Yi da gangan yake jan ƙafa, so yake ya naɗa kansa sarkin Qi, kuma wai abin da mutanen Jimo suke tsoro shi ne a turo wani a madadinsa. Sabon sarki ya ji abin da yake so ya ji. Ya sauke Yue Yi, ya tura wani.

Tian Dan ya ci gaba. Ya sa aka kai wa sabon kwamandan labari cewa babban tsoron mutanen Jimo shi ne a yanke hancin 'yan'uwansu da aka kama, ko a tone kaburburan kakanninsu da ke bayan ganuwa. Kwamandan ya aikata duka biyun. Mutanen gari suna kan ganuwa suna kallo suna kuka, fushinsu ya ninka. Wannan ɓangaren labarin yana damuna, kuma ba zan ɓoye ba. Da jinin mutanensa da ƙasusuwan iyayensu Tian Dan ya sayi fushin da yake buƙata.

Daga nan ya ɓoye majiya ƙarfi, ya jera tsofaffi da mata a kan ganuwa, ya aika cewa za su miƙa wuya. Attajiran gari suka kai wa hafsoshin Yan zinariya, suna roƙon kada a taɓa iyalansu ranar da aka shiga gari. Mayaƙan Yan suka saki jiki. Shi kuwa ya tara shanu fiye da 1,000. Aka lulluɓe su da jan alharini mai zanen dodanni. Aka ɗaura musu wuƙaƙe a ƙaho, a wutsiya kuma damin kara da aka jiƙa da mai. Aka huda ganuwa a wurare da dama. Cikin dare aka cinna wa karan wuta aka sake su, mayaƙa 5,000 suna biye shiru, mutanen gari kuma suna dukan ganguna da tasoshin tagulla. Ku yi tunanin wanda ya farka daga barci ya ga wannan yana nufo shi. Aka kashe kwamandan, Qi ta ƙwato garuruwanta 70 ɗin nan duka.

Shanun ake yawan tunawa. Ni a ganina an ci wannan yaƙi tun ranar da sarkin Yan ya sauke Yue Yi.

[Kiɗa]

Na biyu, Lian Po na ƙasar Zhao. A nan za mu tsaya sosai, don wannan shi ne yaƙin Changping, shekara ta 260, mafi muni a duk zamanin.

Rigimar a kan wani tudu ce mai suna Shangdang. Na ƙasar Han ne, Qin ta yanke shi daga sauran ƙasar. Hakimin yankin ya ƙi miƙa shi ga Qin, ya ba Zhao kyauta. Zhao ta karɓa, Qin ta taso. Sarkin Zhao ya tura tsohon barde Lian Po. Bayan 'yan ƙananan karo da bai ji daɗinsu ba, Lian Po ya gane ba zai iya da Qin a fili ba. Ya gina katangu, ya shige ciki, ya ƙi fitowa. Aka tsokane shi, aka tsokane shi, ya ƙi. Lissafinsa a fili yake: mutanen Qin sun yi nisa da gida, guzurinsu daga nesa yake zuwa, lokaci zai gajiyar da su.

Amma sarkin Zhao ya ƙosa. Yana ganin zaman nan tsoro ne. Ya aika masa da faɗa ba sau ɗaya ba. Wazirin Qin, Fan Ju, ya samu labarin wannan ɓaraka. Ya ba mutanensa zinariya mai yawa, suka shiga Zhao suna baza magana: wai Lian Po ba abin damuwa ba ne, ya kusa miƙa wuya, wai mutum ɗaya Qin take tsoro, Zhao Kuo.

Wane ne Zhao Kuo? Ɗan marigayi Zhao She ne, barden da ya taɓa cin Qin da yaƙi. Yaron ya haddace littattafan yaƙi tun yana ƙarami. Ko mahaifinsa ba ya iya kayar da shi a muhawara. Duk da haka uban bai taɓa yaba masa ba. Ya gaya wa matarsa dalili: yaƙi sha'anin mutuwa ne, yaron nan kuwa yana maganarsa kamar abu mai sauƙi.

Da uwar ta ji an naɗa ɗanta, ta rubuta wa sarki takarda tana roƙon a fasa. Ku ji hujjarta, don ta cancanci a ji. Ta ce mahaifinsa, in sarki ya yi masa kyauta, rabar da ita yake yi ga hafsoshinsa, kuma daga ranar da aka ba shi umarnin fita ba ya ƙara tambayar harkar gida. Shi kuwa ɗan, da aka naɗa shi, hafsoshi ko ɗaga ido ba sa iya yi a gabansa. Zinariya da alharinin da sarki ya ba shi gida ya kwaso ya adana, kullum yana cigiyar gonaki da gidajen saye. Sarki ya ce ya riga ya yanke shawara. Sai ta nemi alfarma ɗaya: in ɗanta ya kasa, kada laifinsa ya shafe ta. Sarki ya amince. Uwa ce fa take faɗin wannan a kan ɗan cikinta, jama'a. Babban bafade Lin Xiangru, yana fama da ciwo, shi ma ya yi gargaɗi. Sarki bai saurari ko ɗaya ba. Maganar abokan gaba ta fi masa daɗin ji, don ta dace da abin da ke ransa.

Qin na jin an yi canji, ita ma ta yi nata, amma a ɓoye. Ta kawo Bai Qi, sarkin yaƙin da ya ci babban birnin Chu a shekara ta 278. Aka yi shela a cikin runduna: duk wanda ya fallasa cewa Bai Qi ne ke jagora, kansa zai fita.

Zhao Kuo ya iso, ya sauya ƙa'idoji, ya sauya hafsoshi, ya fito daga katangu ya kai hari. Sahun gaba na Qin ya yi kamar an fi ƙarfinsa, ya juya da gudu. Zhao Kuo ya bi su har gindin katangar Qin, ya tarar da ita gam. Kafin ya ankara, mayaƙa 25,000 sun zagaya sun tare masa baya, mahaya 5,000 kuma sun ratsa tsakiya sun raba rundunarsa biyu. Hanyar abinci ta yanke. Sarkin Qin da kansa ya tafi yankin da ke kusa, ya kwaso duk namijin da ya kai shekara 15, ya tura su su toshe duk wata kafar agaji.

Kwana 46 ba abinci. Kwana 46. Sima Qian ya rubuta cewa har mayaƙa suka koma kashe juna a ɓoye suna ci. Zhao Kuo ya yi ta ƙoƙarin fasa ƙawanya, ya kasa. A ƙarshe ya jagoranci zaɓaɓɓun mayaƙansa da kansa, kibau suka same shi ya faɗi. Sauran suka ajiye makamai. Adadin da aka rubuta shi ne 400,000.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Bai Qi ya ce mutanen nan ba abin amincewa ba ne, za su iya tayar da tarzoma. Ya yaudare su, ya sa aka kashe su aka binne a ramuka. Yara 240 kawai ya bari, ya tura su gida su ba da labari. Ko da an yi ƙari a lissafin, kisan ya faru. A 1995, a ƙauyen Yonglu kusa da garin Gaoping cikin lardin Shanxi, an tono rami cike da ƙasusuwan mutane, wasu da alamar sara da ta kibiya. Har yau a Gaoping akwai wata gasasshiyar awara da ake kira naman Bai Qi. Fiye da shekara 2,200, mutanen wurin ba su huce ba.

A nan dole in raba abu biyu. Murhun Sun Bin dabara ce a kan mai makami da ya fito neman ranka. Abin da Bai Qi ya yi cin amanar wanda ya ajiye makami ne. Malaman Musulunci ma sun bambanta su: dabara a fagen fama an yarda da ita, warware alkawarin aminci kuwa ha'inci ne. Ba daidai ba ne a haɗa su a ce ai duk yaƙi ne.

Shi kansa Bai Qi bai tsira daga maganar fada ba. Yana shirin wucewa Handan, babban birnin Zhao, sai Zhao da Han suka tura mai iya baki da kyaututtuka wurin waziri Fan Ju. Ya nuna masa cewa in Bai Qi ya ci Handan, zai hau kansa a fada. Waziri ya shawo kan sarki aka tsayar da yaƙi. Da Qin ta dawo daga baya, mutanen Handan sun san makomar wanda ya miƙa wuya ga Qin, suka tsaya kai da fata har agaji ya zo daga Wei da Chu. Bai Qi ya ƙi karɓar jagorancin wannan yaƙi, ya ce ba shi da lafiya. A shekara ta 257 sarki ya tuɓe shi, ya kore shi daga birni, sannan ya bi shi da takobi a hanya. Sima Qian ya ruwaito cewa kafin ya kashe kansa ya tambayi laifinsa, ya yi shiru, sannan ya amsa wa kansa: mutanen Zhao da suka miƙa wuya ya yaudara ya kashe, wannan kaɗai ya isa.

[Kiɗa]

Zango na ƙarshe, sarkin yaƙi na uku, da yadda Qin ta haɗiye kowa.

A shekara ta 246 yaro ɗan shekara 13 mai suna Ying Zheng ya hau gadon Qin. Da ya girma, mashawarcinsa Wei Liao ya ba shi lissafi: a ware ma'auni 300,000 na zinariya, a saye manyan fadawan sauran ƙasashe, shi ke nan. Wani mashawarcin, Li Si, ya tsara aikin. A tura mutane da zinariya da duwatsu masu daraja. Wanda ya karɓa ya zama nasu. Wanda ya ƙi, takobi. Runduna sai daga baya.

A fadar Zhao sun samu nasu, wani bafade mai suna Guo Kai. Wannan mutum ya riga ya yi wa ƙasarsa ɓarna sau ɗaya. Lokacin da tsoho Lian Po yake gudun hijira a Wei, sarkin Zhao ya so ya dawo da shi, ya tura manzo ya dubo ko da sauran ƙarfinsa. Guo Kai ya toshe bakin manzon. Lian Po ya ci shinkafa da nama mai yawa a gabansa, ya sa sulke, ya haye doki don a gani. Manzo ya dawo ya ce tsoho dai yana cin abinci sosai, amma ɗan zaman da suka yi sau uku yana zagayawa. Da wannan 'yar magana aka rufe babin Lian Po. A ƙasar Chu ya rasu.

Saura Li Mu, sarkin yaƙi na uku, shi ma na Zhao. Shi ne ya tsare iyakar arewa daga mahayan Xiongnu, shi ne kuma ya kori rundunar Qin a 233 da 232. A shekara ta 229 sarkin yaƙin Qin, Wang Jian, ya zo ya tarar da shi a gabansa. Sai aka kai wa Guo Kai zinariya. Ya raɗa wa sarki cewa Li Mu yana shirin tawaye. Sarki ya aika a karɓe jagoranci daga hannunsa. Li Mu ya ƙi, aka kama shi aka kashe. Bayan wata uku Wang Jian ya kai hari, ya tarwatsa rundunar Zhao. A 228 Handan ta faɗi, aka kama sarki.

Ƙasa ɗaya, tarko iri ɗaya, sau biyu cikin shekara 31. Masu baza maganar aikinsu suka yi, abokan gaba ne. Ni sarakunan na fi ɗora wa laifi. Ba wanda ya tsaya ya tambaya daga ina maganar nan ta fito, kuma wa zai amfana in na yarda da ita. Na faɗa ɗazu, zan sake faɗa: ba a yaudarar mutum sai da abin da zuciyarsa take so ta ji.

Sauran ya zo da sauri. Han ta riga ta faɗi a 230. Wei ta bi a 225, bayan an karkato ruwan kogi an malale Daliang. Chu a 223, Yan a 222. Saura Qi. Sarki Jian ya shekara fiye da 40 a kan gado. Wazirinsa Hou Sheng ya daɗe yana karɓar zinariyar Qin, shawararsa kuma kullum ɗaya ce: kada a yi shirin yaƙi, kada a taimaki maƙwabta. Qi tana kallo aka cinye su ɗaya bayan ɗaya. A 221 rundunar Qin ta gangaro daga arewa ta shiga Linzi, ba wanda ya tare ta. An yi wa Sarki Jian alkawarin yanki mai faɗi da zai zauna a kai in ya miƙa wuya. Ya miƙa. Aka kai shi wani wuri mai suna Gong, aka bar shi a cikin kurmi ba abinci har ya mutu.

A wannan shekara Ying Zheng ya kira kansa Qin Shi Huang, wato sarkin sarakuna na farko. Shi ne mai rundunar sojojin yumɓu da manoma masu haƙa rijiya suka gano kusa da birnin Xi'an a 1974. Ya rasu a 210, kuma zuwa 206 daularsa ta rushe.

Yadda hakan ta faru, da rawar da wani sarkin yaƙi mai suna Han Xin ya taka a yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, shi za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A nan za mu dakata.